Babi na Bakwai: Ɗigon Jini Daga Kunnen Mage

"Wai har mage ma tana ciwon suga?"

Na sha jin wannan tambaya, amma inda na fara jin ta shi ne zauren gidanmu a Kunci, ƙaramar hukumar da yanzu ake kira Ghari. Baffana ne ya yi ta, yana zaune a kan buzu da na'urar awon sugansa a gefe. Na gama ba shi labarin magen ƙanwata da ke aure a Kano ke nan, wadda likitan dabbobi ya ɗora a kan allurar insulin safe da yamma. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ɗan nan, ni in jikina ya fara rawa na san suga ya sauka, sai in ce a miƙo min dabino. Ita da ba ta magana, wa zai gaya musu?"

Amsar tambayarsa ta farko gajeriya ce: e, tana yi. Ta biyun ce mai nauyi, kuma ita za mu bi a babin nan.

Magen rumbu da magen falo

A ƙauyukanmu mage ma'aikaciya ce. Ita ke gadin rumbu, ta kama ɓera, ta kama ƙadangare, ta kama fara. Abincinta nama ne, kuma sai ta yi sanɗa ta yi tsalle kafin ta same shi. Haka aka halicce ta. Masana ma sun gano harshenta ba ya jin ɗanɗanon zaƙi. Irin wannan mage da wuya ka same ta da suga.

Wadda ke kamuwa ita ce 'yar gata, wadda ba ta fita, tana kwance a kan kujera ana zuba mata ragowar shinkafa da taliya da burodi har ta yi teɓa. Mai ƙiba ta fi siririya kusantar ciwon da wajen ninki huɗu. Namiji ya fi mace kamuwa, kuma yawanci sai shekaru sun ja. A Ingila, inda asibitocin dabbobi ke ajiye lissafi, an samu kusan mage ɗaya cikin ɗari biyu tana ɗauke da shi. Magani ma yana da hannu: ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksa, waɗanda ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe, suna tayar da suga a jikin mage kamar yadda suke yi a jikin mutum.

Magen ƙanwata daga gidanmu aka tafi da ita tana 'yar jaririya. Uwarta ta tsufa a gindin rumbu lafiya lau. Ita kuwa shekara takwas na zaman ɗaki suka kai ta ga allura.

Hatsi a hanya, rumbu a rufe

Abin da aka ci yakan narke ya zama suga ya shiga jini. Jini hanya ce kawai, kamar hanyar da amalanke ke bi da damman gero daga gona. Amfanin hatsi shi ne ya shiga gida. Mai buɗe masa ƙofa shi ne insulin, wani ruwa da ke fitowa daga wata 'yar tsoka da ke kusa da tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai hatsi ya taru a hanya, mutanen gida kuma suna kwana da yunwa. Shi ya sa mai suga yake ci yana ramewa.

A jikin dabbobi aka gano wannan. A 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wannan tsoka a birnin Strasbourg, sai kare ya kamu da suga. A 1921 Banting da Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada suka gwada shi a kan karnuka, a watan Janairun 1922 kuma aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa ya farfaɗo. Shekaru da dama bayan haka daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Saboda haka in aka yi wa dabba allurar insulin yau, wani bashi ne ake biya.

Abin da ido ke gani

Kafin a kai ga na'ura, akwai awon da kowane gida zai iya. Mage mai suga tana shan ruwa kamar raƙumi, tana yawan fitsari, tana ci ba ta ƙoshi, gashinta ya dakushe. In ciwon ya daɗe yakan taɓa jijiyoyin ƙafa, sai ka ga ta daina tafiya a kan yatsu, tana taka ƙasa da gwiwar ƙafar baya.

Tsofaffinmu sun san alamar kiyashi: in sun taru a inda aka yi fitsari, akwai zaƙi a ciki. Gaskiya ne, sai dai alamar tana makara. Ƙodar mutum takan fara zubar da suga a fitsari in ya haura wajen 180 a jini. Ƙodar mage ta fi riƙo, sai ya kai wajen 250 zuwa 290. Don haka rashin kiyashi ba shaidar lafiya ba ne.

Abin da ya fi kiyashi amfani shi ne ƙaramin littafi da biro. Mage mai nauyin kilo 4 tana buƙatar ruwa wajen rabin ledar fiyawata a yini, har da wanda ke cikin abincinta, ya ɗan ƙaru a lokacin bazara. A zuba mata ruwa da awo da safe, a auna ragowar washegari, a rubuta. Duk mako a ɗora ta a sikeli. In ba ta tsayawa, mutum ya hau da ita a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, a cire. A rubuta ko ta cinye abincinta, ko ta yi amai, ko ta yi wasa. Likitan dabbobi nagari yakan fara duba wannan littafi kafin ya kalli lambar da na'ura ta bayar, domin magen da shan ruwanta ya ragu, nauyinta ya tsaya, alama ce allura na aiki.

Yadda ake samun ɗigon

Ranar da na fara ganin ƙanwata tana yi, na zaci za a yi kokawa. Ba a yi ba. Ta zauna a tabarma ta ɗora magen a cinyarta, ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta riƙe mata kunne da shi kamar minti ɗaya. Ta ce in haska fitilar waya ta bayan kunnen. Sai ga wata siririyar jijiya ja tana bin gefen kunnen kamar zaren ɗinki. Ta riga ta zura tsinken gwaji a na'ura. Ta tokare kunnen da auduga ta ciki, ta soka 'yar allurar a gefen jijiyar, ɗigo ya fito bai wuce ƙwayar gero ba. Ta kai bakin tsinken ya zuƙe, ta danne wurin da audugar, ta miƙa wa magen ɗan guntun kifi. Magen ba ta ko motsa ba. Kunnen mage ba ya jin zafin wannan suka sosai, abin da take ƙi shi ne a danne ta da ƙarfi.

In kunne ya yi sanyi, kamar da asubar hunturu, jini ba ya fitowa, shi ya sa ake ɗumama shi. In ɗigon yana bazuwa cikin gashi, a ɗan shafa basilin kafin a soka. In kunne ya ƙi, ana iya ɗauka a tattausan naman tafin ƙafa.

Na'urar da ake sayarwa a kyamis ta mutane ce, kuma takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin abin da ke jinin mage. Akwai ta dabbobi, irin su AlphaTrak, amma samunta a nan ba sauƙi. Ta mutane za ta yi aiki muddin ita ɗaya ake amfani da ita kullum, kuma likita ya san da ita ake awon.

Sai maganar ma'auni, wadda ke rikita mutane da yawa. Wasu na'urori suna nuna lamba babba, kamar 108, wasu ƙarama, kamar 6. Duk abu ɗaya ne, kamar mudu da tiya: a ninka ƙaramar sau 18 a samu babbar. A babin nan babbar nake amfani da ita. Lafiyayyar mage takan zauna tsakanin 80 da 120, ko sama da haka kaɗan.

Me ya sa sai a gida?

Mage matsoraciya ce, kuma tsoro na harba sugarta sama. Ka ɗauko lafiyayyar mage daga Kunci, ka sa ta a kwali, ka ɗaure a bayan babur, a canza mota a Bichi, a shiga da ita ɗakin da ke warin karnuka, za a iya auna ta a ga 250 ko fiye alhali ba ta da komai. Wannan hali na mage ya sha yaudarar mutane. Don haka likita ba ya yanke hukunci da awo ɗaya. Akwai wani gwajin jini, furuktosamin, da ke nuna yadda suga ya zauna a makonni biyun da suka wuce, tsoron ranar ba ya shafarsa, kamar yadda ake yi wa mutane gwajin da ke waiwayar wata uku. Irin wannan sai a manyan wurare, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Amma awon yau da kullum, wanda aka yi a cinyar wadda magen ta saba da ita ya fi gaskiya.

Awo ɗaya ba ya ba da labari

Wanda ya shiga kasuwar Shuwaki da hantsi ya tambayi kuɗin gero sau ɗaya ya fita, bai san kasuwar ranar ba. Bai ga yadda ta faɗi da azahar ba, bai ga yadda ta tashi da la'asar ba. Suga ma haka yake. Bayan allura yana sauka a hankali, ya kai ƙarshen saukarsa a tsakiyar yini, sannan ya sake hawa yayin da ƙarfin allurar ke ƙarewa.

Shi ya sa likita kan nemi a ware rana guda a yi awon yini. A auna da ƙarfe 7 na safe kafin abinci da allura, sannan a riƙa aunawa duk bayan awa 2 har ƙarfe 7 na yamma. A misali za a iya samun 310, 240, 160, 120, 150, 220, 290. Abu biyu ake nema a wannan jeri: ina ne ƙarshen saukar, kuma awa nawa allurar ta yi tana aiki. Abin da likitocin dabbobi ke so shi ne ƙarshen saukar ya tsaya tsakanin 80 da 150, sauran yinin kuma yawanci ƙasa da 300.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. Ɗauki mage biyu, kowacce an auna ta da safe an ga 300. Ta farko da rana ta sauka zuwa 250 ne kawai, allura ta yi mata kaɗan. Ta biyu da rana ta gangara har 50, sannan ta sake hawa kafin magariba. Lambar safiyarsu ɗaya ce. In aka ƙara wa ta farko allura an taimake ta. In aka ƙara wa ta biyu an kashe ta. Wanda ke awon safe kawai ba zai taɓa bambance su ba, kuma zuciyarsa za ta riƙa ce masa ya ƙara, domin ganin babbar lamba na tayar da hankali. Kada mai mage ya ƙara ko da rabin layi a sirinji da ra'ayin kansa. Ya kai littafin, ko ya ɗauki hotonsa ya tura wa likita ta WhatsApp. In an canza yawan allura kuma, a ba jiki mako ɗaya zuwa biyu ya daidaita kafin a sake awon yini.

Akwai wani ɗan faifai kamar kwabo, FreeStyle Libre, da ake liƙa wa mutum a dantse ya riƙa awo da kansa har kwana 14. Likitocin dabbobi sun fara aske wa mage gashi suna liƙa mata shi. Yana hutar da kunne, amma yana da tsada.

Ranar da suga ya faɗi

Hawan suga yana cin jiki a hankali, cikin makonni da watanni. Faɗuwarsa kuwa cikin ɗan lokaci take iya kisa. Wannan ce amsar tambayar Baffa, kuma a gidan ƙanwata an gan ta da ido.

Wata safiya ta yi wa magen allura ta shiga kicin. Babban ɗanta ya tashi, bai sani ba, ya sake yi mata. Kafin azahar magen ta fara tangaɗi kamar wadda ta sha wani abu, idanunta sun buɗe ƙwarai, ta tsaya tana kallon bango, sannan ta kwanta jikinta na karkarwa. Aka auna, 41. Ƙanwata ta lakato zuma da yatsa ta shafa mata a dasashi. Cikin 'yan mintuna ta ɗago kai, aka ba ta nama, aka wuce da ita asibiti, domin zuma tana ƙarewa da wuri, ita kuwa allurar tana nan tana aiki har dare. Tun daga ranar, duk wanda ya yi allurar sai ya ja layi a littafi ya rubuta lokaci.

Duk lambar da ta yi ƙasa da 70 ta gaggawa ce. In magen na iya ci, a ba ta abinci nan take. In ba ta iyawa, a shafa zuma ko ruwan sukari a dasashi. Kada a ɗura wa wadda ta suma komai a baki, zai bi ta hanyar numfashi. In mage ta ƙi abinci ko ta yi amai, kada a yi mata cikakkiyar allura sai an ji ta bakin likita. In kuma aka yi allura ana shakkar ko ta shiga ko ta zube a gashi, kada a maimaita. Rasa allura ɗaya ya fi ninka ta sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta ɗaya ɓangaren, magen da sugarta ya daɗe a sama, ta daina ci, tana amai, ta yi laushi, ita ma ta asibiti ce a ranar. Mai yiwuwa jininta ne ya fara tsami.

Sirinji, zafi da randa

Insulin da aka fi amfani da shi ƙarfinsa iri biyu ne. Na mutane, kamar Lantus da ake yawan ba mage, an rubuta U-100 a jikinsa. Na dabbobi, kamar Caninsulin da ProZinc, U-40 ne. Kowane da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi U-100 a sirinjin U-40 zuwa layi na 2, ba yunit 2 ya ɗiba ba, 5 ya ɗiba. Ga dabbar da yawanci ake farawa da yunit 1 ko 2, wannan kuskure ya isa. A duba rubutun kwalba da na sirinji duk lokacin da aka sayo sabo.

Sai ajiya. Ana son kwalbar da ba a buɗe ba ta zauna a firiji tsakanin digiri 2 da 8, kada ta daskare. A Kunci kuwa wuta ba ta da tabbas, zafin Afrilu kuma yana kai 40. Baffa a ƙaramin tulu yake ajiye nasa, ya sa shi cikin babbar tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Dabarar nan ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa don ajiye tumatir da alayyahu, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A 2021 kuma Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar da binciken da suka yi bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai-komo tsakanin 25 da 37, suka nuna insulin ɗin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu. Abin gudu shi ne rana kai tsaye, da aljihun mota, da saman taga. In suga ya hau ba dalili, a fara zargin kwalbar kafin a zargi magen.

Tana iya barin allura

A nan mage ta fi kare sa'a. Kare in ya kamu, yawanci allura ce har mutuwa. Mage kuwa, in an kama ciwon da wuri, aka daina ba ta shinkafa da tuwo aka koma nama da kifi, ƙibar ta ragu, fankiriyas ɗinta na iya farfaɗowa har ta daina buƙatar allura. Sau da yawa a watannin farko hakan ke faruwa. Abin farin ciki ne, amma shi ne lokacin da ya fi haɗari, domin allurar da ta yi mata daidai a watan jiya ta yi mata yawa yau. Wanda ke awo ne kaɗai zai ga lambobin suna sauka ya sanar da likita a rage.

Wata magana da ba zan tsallake ba

Na san akwai mai karanta wannan yana cewa: mutanen garinmu ba su da kuɗin tsinken gwaji, wasu sai sun je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano suke sanin lambarsu, shi ne ake maganar mage? Yana da gaskiya. In tsinke ɗaya ya rage a gida, na tsoho ne. Amma wanda ya rufe mage a ɗaki ya hana ta farauta, ya ɗauki haƙƙinta a wuyansa, kuma duk wanda ya yi karatun hadisi ya san labarin matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare. Mafi arhar magani shi ne kada a kai ga allurar: a bar ta ta fita, a ba ta abincin da ya dace da cikinta, kada a mayar da ita kwandon ragowar tuwo.

Kuma ilimin bai tsaya a kan mage ba. Da na koma gida da sallah, na tarar Baffa ya sa jikansa ya tsaga masa littafin makaranta gida biyu, yana rubuta awonsa. Da can sai da safe kawai yake aunawa. Yanzu wata rana yakan auna kafin azahar, kuma a nan ne ya gano sugansa na faɗuwa ƙasa da 70 duk ranar da ya je gona bai karya da kyau ba. Ya kai wa likitansa littafin, aka rage masa allurar safe.

A cikin kwandon da yake ajiye na'urar akwai wasu magunguna na gida, waɗanda ake miƙa wa dabba in ta yi rashin lafiya da niyyar taimako. A kansu babi na gaba zai yi magana, kuma za mu fara da wanda ke kowane ɗaki: ƙwaya ɗaya ta farasitamol ta isa ta kashe mage.